Daga Kano Zuwa Potiskum a Cikin Hilux

Da asuba muka shirya barin Kano a wata akori-kura ƙirar Toyota Hilux mai injin fetur lita 2.7, ɗauke da buhunan dusa zuwa Potiskum, garin da kasuwar shanunsa ta yi suna a Afirka ta Yamma. Na zaci muna sallame salla za mu kama hanya, sai direban, wani dattijo da ya tsufa a kan sitiyari, ya tsaya wajen mai faci. Sai da aka gwada iskar tayoyin nan huɗu tun suna da sanyi, aka daidaita su da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

"Ɗana, tayar da ba ta ƙoshi da iska ba, a tanki take cin abincinta," in ji shi.

Yana da hujja. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Tankin Hilux lita 80 yake ci. Cikon da a da bai kai naira 16,000 ba ya haura 80,000 a lokacin.

Muna haye gadar Wudil hanya ta miƙe, amma Baba bai bari allura ta wuce 90 ba. Wasu Hilux ɗin suka riƙa shige mu kamar an jefa su. Ya ce gaban motar nan faɗi gare shi, idan ka ninka gudu, turjiyar iska ninkuwa take sau huɗu, inji kuwa da fetur yake biyan wannan dambe. Ya sa giya ta sama da wuri, in ya hango shinge ko rami tun daga nesa yake ɗage ƙafa daga totur, ya bar mota ta lafa da kanta. Haka yake tsimin mai da birki a lokaci guda.

A Azare muka tsaya karin kumallo. Ya buɗe bonet ya zaro iyakilina, ya bubbuga ta a tafin hannu, jar ƙurar hunturu ta zubo ta ɓata masa riga. Ya ɗaga ta saitin rana, ya ga haske bai ratsa ta sosai ba, ya ce sabuwa zai saya da ya koma kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. A nan ya lissafa mini ƙa'idojinsa: juye a kan lokaci da baƙin mai na gaskiya, fulogi na asali ko da ya fi tsada, kaya kada su zarce abin da sifirin zai ɗauka, sannan ba ya shan man 'yan bumburutu sai dole. Giyar taya huɗu kuwa sai a yashi ko taɓo.

Mun shiga Potiskum kafin azahar ba tare da mun sake tsayawa gidan mai ba. Farashin lita ba a hannun direba yake ba, amma iskar taya da nauyin ƙafa da lafiyar inji duk nasa ne. Ina fata masu motocin nan za su riƙa ba direbobinsu kuɗin gyara kafin mota ta tsaya, domin abin da aka hana bakanike yau, gidan mai zai karɓe shi gobe har da riba.