Maɓallin da Ya Koya Mana Haƙuri



Wata shida muka yi muna tara kuɗi a Zumuntar Matasa kafin muka sayi kibod na hannu mai maɓallan murɗawa guda takwas. Iyayenmu na Zumuntar Mata ma sun sa hannu. Ranar da aka kawo shi muka jona, muka danna, shiru. Sai a lokacin muka gane cewa irin wannan kibod ɗin ba shi da murya tasa. Saƙo kawai yake aikawa zuwa kwamfuta ta hanyar MIDI, tsarin da masu ƙera kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983. Manhajar da ke cikin kwamfuta ce ke fitar da sautin.

Haka ma maɓallan. Kowanne yana aika lamba daga 0 zuwa 127, amma bai san aikinsa ba sai an ba shi. Akwai lambobin da aka saba da su: CC 7 na ƙarfin sauti ne, CC 10 na karkatar da sauti hagu ko dama, CC 64 kuma na abin takawa da ke riƙe sauti. A Ableton Live, sai an kunna Remote a saitin MIDI tukuna. Daga nan a danna Ctrl da M, a zaɓi abin da ake so a allo, a murɗa maɓallin, a sake danna Ctrl da M. Muka ba na farko ƙarfin fiyano, na biyu sautin da ke shimfiɗe a ƙasa, na uku amsa-kuwwa. Muka koma gida muna murna.

Ranar Lahadi, Baba Fasto yana addu'a domin marasa lafiya, majami'a tsit. Ƙaninmu mai kaɗa kibod ya so ya ƙara sauti kaɗan. A allo sautin yana ƙasa, amma maɓallin da ke hannunsa yana can kusa da ƙarshe, inda muka bar shi daren Asabar. Yana taɓawa, manhaja ta bi hannunsa nan take. Ƙara ta tashi, jarirai suka fashe da kuka, wata kaka ta dafe ƙirji.

Bayan sujada ba mu tambaye shi me ya faru ba, faɗa muka yi masa. Mako biyu bai zo gwaji ba. Wasu dattawa suka fara cewa a mayar da tsohon kibod.

Da muka zauna muka bincika, sai muka ga laifin namu ne duka. Akwai saitin da ake kira Takeover Mode, mun bar shi a None. Idan aka mai da shi Pickup, maɓalli ba ya canza komai sai ya iso daidai inda sautin yake a allo, sannan su tafi tare. Muka kuma rage iyakar sama ta kowane maɓalli, muka manna takarda muka rubuta aikinsa, muka adana fayil ɗin, domin haɗin yana zama ne a cikinsa.

Wannan saitin ya kunyata mu. Mun afka wa ɗan'uwanmu daga inda fushinmu yake, ba mu fara zuwa inda yake tsaye ba, yaro ɗan shekara 16 da ya ji kunya a gaban ikilisiya duka. Muka je gidansu, muka nemi gafara, muka nuna masa gyaran. Ya ce, “Yaya, na ɗauka ba kwa so na kuma.”

Ya dawo, kuma shi ke koya wa ƙanana yanzu. Kafin kowace sujada mukan duba maɓallan nan takwas ɗaya bayan ɗaya. A makon nan, akwai wanda ya daina zuwa zumunta ba mu je mun ji dalilinsa ba?

Ubangiji ya ba mu haƙuri da juna. Amin.