Ɗan littafin saƙa na matan Nyanya

Kafin a san Nyanya da cunkoson motoci, da ɗakunan ma'aikata aka san ta. A farkon shekarun 1980, lokacin da ake ta aikin gina Abuja, hukumar FCDA ta jera dogayen gidaje masu ƙananan ɗakuna a gefen ƙauyen Gbagyi da ke kan hanyar Keffi, ta zuba leburori da direbobi da masinjoji da ƙananan akawu, aka raba unguwannin da haruffa, Area A, Area B, har gaba. Da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 sai wurin ya cika ya batse. Maza su fita da sassafe, mata su rage a gida, Bakatsiniya ƙofa da ƙofa da 'yar Filato, Bayarabiya na shanya a igiya ɗaya da 'yar Tibi.

Ku da kuka zauna can a wancan zamani za ku tuna la'asar ɗin hunturu, an sauke tukunya, an shimfiɗa tabarma a inda rana ta rage, rediyo na magana ba mai sauraronsa, kowace mace da curin ulu a cikin kwano don kada ya gangara cikin ƙura, yara mata kuma sun zagaye su da tsinken tsintsiya bibbiyu suna kwaikwayo, domin ba a ba yarinya tsinken ƙarfe sai hannunta ya faɗa. Da wuya a ga mai ciki ba a ga ana yi mata saƙa ba. Riga, hula, safa da shawul, su ne kayan barka na mutunci, amarya kuwa ba ta rasa tuma-ƙasa biyu ko uku na kwarashi da za ta rufe kwanon maigida. Idan ulu ya yi tsada, a sayo tsohuwar suwaita a gwanjo, a warware ta, a kira mu yara maza mu miƙa hannuwa a naɗe zaren a kai, a wanke shi a rataye har lanƙwasarsa ta miƙe.

Yanzu kuwa, da la'asar matan Nyanya da yawa suna cikin mota a gangaren Kugbo.

Littafi kuwa, a lokacin ba zaɓarsa ake yi ba. Wanda ya faɗo hannu shi ne naka. A layinmu guda ɗaya ne, siririn nan na kamfanin Patons na Ingila mai suna Woolcraft, mallakar wata matar direba da ta koyi saƙa a makarantar mishan a Filato, kuma ta ce tun zamanin da kantunan Kingsway ke tashe aka saye shi. Bangon ya tafi, an ɗinke bayansa da baƙin zare, shafin rigar jariri ya yi duhu saboda yatsu da man girki. A cikinsa akwai 'yan shafukan da aka yago daga mujallar Woman's Weekly, an ninke su huɗu. Da Turanci yake, Turancin ma na taƙaice, harafin K da harafin P da lambobi a jere, wanda ko mai sakandare sai an fassara masa. Mai littafin ita ke karantawa, ta ce gaba biyu, baya biyu, ki maimaita har ƙarshen layi, yayata ta rubuta da Hausa a littafin makaranta, wata ta kwafa daga nata. Goggonmu da ba ta yi boko ba ta fi su duka sauri: a ba ta rigar da aka gama, ta juya ta ciki waje, ta ƙirga idanun da farcenta, kwana uku ta fito da irinta.

Abin da nake so 'yan baya su gane shi ne, ba a taɓa barin mai koyo ita kaɗai da littafin nan ba. Kullum akwai wadda ke zaune kusa da ita, ta ce sassauta zaren, kin matse shi, ko ta karɓi saƙar ta kamo idon da ya zame ta miƙo mata ba tare da dogon bayani ba. Da tsarin ilimi na 6-3-3-4 ya kawo darasin kula da gida a ƙaramar sakandare, da kuma shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987 ya sa cibiyoyin mata suka yawaita, sai koyon ya shiga aji, amma ko a can malama ce ke bi benci-benci tana duba hannu.

Yanzu ranar Laraba a kasuwar Nyanya za ki sayi kayan sanyin jariri na China ko na gwanjo da kuɗin da bai kai na ulun da za ki saƙa su ba. Ban ga laifin uwar da ta saya ba. Masu injin saƙa su ne suka riƙe sana'ar, da suwaitar 'yan makaranta. Duk da haka kwarashi ya dawo hannun 'yan mata, suna yin jaka da hula da takalmin jarirai suna tallatawa a WhatsApp, kuma a YouTube suka koya. Bidiyo ya fi kowane littafi nuna yadda yatsa ke zagaya zare, wannan ba gardama. Sai dai ba ya ganin hannunki, kuma idan data ta ƙare ana tsakiyar wuyan riga, lissafin ya tafi da ita. Shi ya sa har yau nake cewa mai koyo ta nemi littafi, kuma tunda yanzu akwai zaɓi, a shimfiɗar masu tsofaffin littattafai ko a intanet, to a zaɓa da ido buɗe.

Babba mai ƙyalli, mai hoton Baturiya cikin dusar ƙanƙara, shi ke fara jan ido, kuma shi ya fi sa mai koyo ta ajiye tsinke. Siriri ya fi, wanda ya ɓata shafi goma a kan ɗora ido da saƙar gaba da ta baya da rufewa, da zanen hannu babba, kafin ya kai ga riga. Sannan a duba lambar tsinke, domin nan ne mutane ke asarar ulu. Tsohon lissafin Ingila a juye yake, lamba na hawa tsinke na sirancewa: lamba 8 ɗinsu milimita 4 ce, alhali lamba 8 ta Amurka milimita 5 ce. Matan da, da littafin Ingila da tsinken Ingila suke aiki, ba su san wannan rikici ba. Ke da kika sayi tsinken China kika ɗauko littafin Amurka, nemi wanda ya rubuta milimita. Haka a kwarashi, suna ɗaya na nufin ɗinki daban a ƙasashen biyu, don haka a san daga inda littafi ya fito, kada a haɗa shi da bidiyon ɗaya ƙasar.

Akwai kuma batun zare. Abin da muke kira ulu a kasuwanninmu yawanci na roba ne, wani ma ba takardar bayani a jikinsa, littafin kuwa yana kiran sunan zaren da ba za ki samu ba ko a kasuwar Wuse. Mafita ita ce littafin da ya koyar da gwaji: a saƙa ɗan yanki, a auna santimita 10, a ƙirga ido. A matsakaicin zare da tsinken milimita 4, wajen ido 22 ake nema. Wadda ta iya wannan ta kuɓuta daga sunan kamfani. Littafin Elizabeth Zimmermann na 1971, Knitting Without Tears, a kan wannan 'yanci aka gina shi, ina kuma ganin girmansa, amma hira ce da wadda ta riga ta iya riƙe tsinke. A bar shi sai shekara ta biyu.

Matan nan na layinmu ba su ƙare ba. Mazansu sun yi ritaya, wasu sun koma gida, da yawa suna Mararaba da Masaka da Karu suna renon jikoki. Idan kina da irinsu a dangi ko a unguwa, kai mata littafin kafin ki sayi ulu, ki durƙusa ki ce Mama, duba mini wannan. Ba za ta tsaya kan hotuna ba. Za ta nemi shafin da ya nuna yadda ake kamo idon da ya zame layi uku a ƙasa, da yadda ake warware kuskure ba tare da an rushe aikin duka ba. Idan babu shi, za ta ce ki mayar wa mai shi.