Telan da ke ɗinka wa sammore riga

Mu 'yan ajin kimiyya, da an ce enzayim sai mu tuna da miyau, wanda ke fara narkar da tuwo tun yana baki. Shi muke haddacewa saboda jarrabawa. Amma mu da muka tashi kusa da ruga mun san saniyar da ƙudan tsando ya ciza: ta yi ta rama, nono ya ƙafe, makiyayi ya ce sammore ne. Akwai hannun enzayim a wannan ramar.

Ƙwayoyin Trypanosoma ne ke kawo sammore. Wadda aka fi bincike a kanta ita ce brucei, da wasu nau'o'inta ke sa wa mutane ciwon barci. Ba ta ɓuya, a fili take yawo cikin jini, sanye da riga ta furotin iri ɗaya. Garkuwar jiki takan gane rigar ta far mata. Sai dai a cikin DNA ɗinta tana da ajiyar tsarin riguna fiye da 1,000.

Zaren DNA yakan tsinke a jikin kowane mai rai, kuma enzayim ne ke gyara shi. Ɗaya daga cikinsu, RAD51, yakan nemo wani wuri mai kama da wanda ya tsinke, a kwafo daga can a cike gurbin. To, idan tsinkewar ta faru a inda tsarin rigar da ƙwayar ke sanye yake, abin da za a kwafo yana iya zama na wata riga dabam. An je faci, an dawo da sabon ɗinki! Kafin garkuwar jiki ta gane sabuwar rigar, ƙwayoyin sun sake hayayyafa. Shi ya sa har yau babu rigakafin sammore.

A 1999, masu bincike a Jami'ar Glasgow sun cire wa ƙwayar RAD51. Canjin rigar ya ragu ƙwarai, amma bai tsaya cak ba.

A ganinmu nan ne gizo ke saƙar: mu ma muna da RAD51, saniya ma haka. Maganin da zai ɗaure hannun telan ƙwayar, dole ya ƙyale namu. Kafin a samo shi, makiyayi na nan da allurarsa da tarkon ƙuda.