Kwanakina a Kannauj, garin tukwanen turare

Litinin
Na iso Kannauj ta hanyar Kanpur, a jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Tun 2014 doka ke kare sunan turaren garin nan. Na zo ganin yadda ake fitar da ƙamshi ba tare da sinadari ba.

Talata
Da asuba aka sauke buhunan furen wardi, ba a bari rana ta taɓa shi. Aka juye a katuwar tukunyar tagulla da suke kira deg, aka zuba ruwa, aka liƙe murfin da yumɓu da auduga. Bututun gora ne ke kai tururin cikin bhapka, tulun tagulla mai dogon wuya da ke zaune cikin ruwan sanyi, da man sandal a cikin tulun. Dattijon da ke kula da wuta ba shi da ma'aunin zafi. Yana kasa kunne ga tukunyar, ya dafa tulun da tafin hannu, sai ya zare itace ɗaya ko ya shafa wa murfin jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "Baba, yaya kake gane ta isa?" Ta bakin tafinta ya ce idan wuta ta yi yawa, ƙauri ke shiga turaren. Na daɗe ina kallon hannun nan nasa.

Laraba
Ruwa ya kwanta a ƙasan tulun, mai ya taso. Aka tsiyaye ruwan aka mayar da shi tukunya, domin shi ma da sauran ƙamshi. Man nan kullum sabon fure ake turara masa, har ya ƙoshi. Manyan masana'antu kuwa da hekzan suke jan ƙamshi, shi hekzan ɗin daga ɗanyen man fetur ake samunsa. Masu gudun haka sun koma ga iskar kabon da aka matse ta haura matsin bar 74 da zafin digiri 31. Tana jan ƙamshin ta tashi ba ta bar komai ba. Hanya ce mai kyau, amma injinta ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a.

Alhamis
Yau gasasshen yumɓu aka dafa, ya ba da ƙamshin ƙasa lokacin ruwan farko. Na kuma ga saiwar jema da ɗan'uwan kajijinmu na humra.

Juma'a
Turaren na shan rana a salkunan fata, danshi na fita. Amma a maganar itace raina ya sosu. Itacen sandal kan kai shekara 15 ko fiye kafin ya yi mai, an sare shi har ya yi ƙaranci, shi ya sa wasu ke zuba farafin a tulun. Murhun ma itace yake ci. Ba zan kira aikin mai tsabta ba sai na san inda itacen ya fito. Kafin na biya kuɗin kwalba, sai da na sa aka nuna mini man da aka zuba a bhapka.