Daga Dogon Kiriya zuwa Lugu: bashin da ba a biya ba

Matafiyin da ya bar Dogon Dutsi ya nufi arewa, ya ratsa Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa, har ya sauka Dogon Kiriya, ba ya ganin komai sai gonakin hatsi, rumbuna da tsaunuka jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai. Ƙasa ce mai tsadar ruwa, inda rijiya ɗaya ke riƙe da gari da dabbobinsa. Sai wanda ya san haka zai gane abin da ya auka wa Arawa a shekarar 1899, lokacin da rundunar kapitan Voulet da kapitan Chanoine, mutum fiye da dubu in an haɗa da 'yan dako, ta keto ƙasar tana neman tafkin Cadi. Garin da suka kwana, rumbu da rijiya sun ƙare. Garin da ya ƙi, wuta.

Kudu da Dogon Kiriya, cikin yankin Dankasari, nan Lugu take, garin Sarauniya Mangu. A watan Afrilu na 1899 maharbanta suka tari bindiga da kibiya, aka ƙone garin. A watan Mayu rundunar ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Kolonel Klobb, wanda Faransa ta turo ya tsayar da su, ya bi sawunsu ta cikin toka da gawawwaki. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu na Maijirgi.

To, wa aka hukunta? A birnin Paris ɗan majalisa Vigné d'Octon ya ta da maganar, amma a 1902 aka rufe bincike. Aka ce zafin rana ne ya taɓa hankalin hafsoshin biyu. Ragowar rundunar kuwa ta ci Damagaram, sannan ta wuce Cadi ƙarƙashin Joalland da Meynier, Faransa ta riƙe ƙasar da aka samu ta wannan hanya.

Mai karatu ya dubi Japan. Sojojinta sun yi ta'asa a Nankin ta ƙasar Sin a 1937. Da aka ci ta da yaƙi, kotun Tokyo ta zauna daga 1946 zuwa 1948, aka rataye janar Tojo da wasu manya shida. A 1995 firaminista Murayama ya nemi gafara a bainar jama'a. Ko da yake Sin da Koriya na fusata duk sa'ad da shugabannin Japan suka ziyarci wurin ibadar Yasukuni, inda aka shigar da sunayen manyan masu laifi 14 a 1978, aƙalla akwai shari'a, akwai shaidu a rubuce. Bambancin a fili yake: Japan ta faɗi, aka gurfanar da ita, Faransa ta ci nasara, ta zama alƙalin kanta.

A 2025 wani mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa wa Faransa koken zuriyar waɗanda aka kashe. Amsar ita ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, ba ta dai amsa laifi ba.

Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun fitar da sunan Sarauniya duniya. Amma ƙananan garuruwan da aka ƙone fa, wa ya rubuta sunayensu? Labarin yana bakin tsofaffi, tsofaffi kuwa tafiya suke. Malaman makaranta, ma'aikatan gundumomi da 'yan kasuwar da ke cin kasuwannin Arewa mako-mako, su ne za su iya tattara shi gari-gari, da sunan wuri da na mai ba da labari. Mai bin bashi ba ya zuwa gaban alƙali hannu sake.