Gidan mutum uku, sunan mutum ɗaya

Shekara shida ke nan da ni da Yaya da mijin ƙanwarmu muka haɗa kuɗi muka sayi gida mai shaguna huɗu. Yaya ya zuba rabi, mu biyu muka cika sauran. Da aka zo rubuta takardar ciniki, sunansa kaɗai aka sa. Wa zai buɗe baki ya ce a rubuta yarjejeniya da babban wa? Ni dai kunya ce ta rufe mini baki.

Da wani kamfani ya kama shago biyu, sai muka ga kuɗin haya bai cika ba. Ashe sun cire kashi 10 cikin 100 na haraji, kamar yadda doka ta ɗora musu, shaidar cirewar kuma da sunan Yaya ta fito. A idon hukuma hayar duk tasa ce, mu ko bulo ɗaya ba mu da shi.

Wani akanta da na kai wa kuka ya warware mini zaren. Da mun yi rajistar haɗin gwiwa a hukumar CAC, kowa zai biya haraji a kan kasonsa ne kawai, ga hukumar harajin jihar da yake zaune. Kamfani kuwa mutum ne mai zaman kansa a doka, harajinsa na tarayya ne, in an raba riba kuma a sake cirewa. Sai ya tambayi rasitin rufin da muka sauya, domin ranar sayarwa riba ake yi wa haraji, kuɗin gyara kuma ba ya fita sai da shaida. Kwano da siminti duk kuɗi hannu muka saya, ko ƙyallen takarda babu.

Duk da haka ban motsa ba, sai bara da ciwo ya kwantar da Yaya. Shi ne ya kira ni: "Ƙanina, in ta Allah ta kasance, gidan nan gadon yarana tara zai zama. Da me za ka kama su?"

Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma ƙara sunayenmu yanzu sai da amincewar gwamna, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, ga kuɗin hatimi, ga na lauya. Fayil ɗin yana tafiya. Mijin ƙanwarmu kuwa har yau bai sa hannu ba, wai abin ya yi kama da rashin yarda.