In Allah ya kai ki Girinsboro, kada ki ƙare a ɗaki

Ƴan uwana mata na ƙungiyoyin asusu, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da ƙauyukan da ke tsakani.

A ƙungiyoyinmu ba a rasa mace ɗaya ko biyu mai ɗa ko ɗiya ko ƙanwa a Amurka. In kika tambayi sunan garin, in ba a ce Niyok ba, sau da yawa za a ce Girinsboro. Wanga gari yana cikin jihar Karolina ta Arewa, kuma ƴan Nijar, Zabarmawa da Hausawa, sun daɗe da kafa zama a can. Ba wani ƙaton birni ba ne. A ƙidayar 2020 mutanensa sun kusa dubu 300, Maraɗi kuwa a ƙidayarmu ta 2012 tana da dubu 267. Kun ga kusan tsara ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda iyayenmu mata ke zuwa can. Ɗiya ta haihu, a aiko ma uwa tikiti ta tafi jego, ta yi wata uku, ta dawo. Mu taru yi mata barka da zuwa, mu ce Hajiya mi kika gani? Ta ce ta ga madafa, ta ga Walmart, ta ga sanyi. An kashe abin da ya fi miliyon na sefa, an ƙetare teku, an dawo da labarin ɗaki. Ba laifin ɗiyan ba ne kaɗai. Aiki gare su ba dare ba rana, wani a masana'anta, wani tuƙi, wata kitso, kuma ranar da ba a yi aiki ba, ba kuɗɗi. In ba ki ce tun daga nan gida kina son kwana uku ko huɗu na ganin gari ba, ba wanda zai tuna miki. Hutu a can ana roƙonsa ne da makwanni, ba da safiyar ranar ba.

Kafin komi, maganar biza, don nan ne ake cin kuɗɗin mata. A 2025 ofishin jakadancin Amurka da ke Yamai ya dakatar da ba da biza, kuma a ƙarshen shekarar aka sa Nijar cikin jerin ƙasashen da aka rufe ma ƙofa. Don haka wanga rubutu na wadda ke da takardunta a hannu ne, da kuma wadda za ta fara tari tana jiran ranar da ƙofa za ta buɗe. Duk wanda ya zo miki da cewa ya san wani a ciki, ki kawo jikka kaza a fiddo miki biza, ɓarawo ne ko da ya sa babbar riga. Shugabannin ƙungiya, in mace ta zo neman bashin asusu don wannan, ku zaunar da ita ku yi mata bayani. Kuma ba a sayen tikiti sai biza ta shiga fasfo.

Babu jirgin da ke tashi daga Yamai ya sauka Amurka kai tsaye. Sai an bi ta Kazablanka ko Istambul ko Lome, a sauka Niyok ko Washinton, sannan a sake ƙaramin jirgi zuwa Girinsboro. Ki ba kanki kwana biyu kafin ki fara yawo, don agogonsu yana bayan namu da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi. Jiki sai ya rikice, barci ya kama ki da la'asar, tsakar dare ido biyu. Kuma don Allah a bar kilishi gida. Ba a shiga da nama Amurka, ko busasshe ne. Kuka da kuɓewa da daddawa ki faɗa musu kina ɗauke da su, su duba. Wadda ta ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi.

Watan zuwa ma abin dubawa ne. Janairu sanyi ne mai shiga ƙashi, Yuli kuma zafi ne mai gumi irin na tsakiyar damina, ba busasshen zafinmu ba. Mayu da Satumba sun fi daɗin tafiyar ƙasa. In otel za a kwana, a kiyayi Afrilu da Oktoba, don garin High Point da ke maƙwabtaka yana cin babbar kasuwar kujeru da gadaje sau biyu a shekara, baƙi su cika ɗakunan yankin duka, farashi ya hau.

Abin da ya fi ba baƙuwa mamaki shi ne garin a warwatse yake. Babu kabu-kabu, babu adaidaita a bakin hanya, ba kuma mai tsayawa ya rage miki hanya. Akwai bus na gari, amma jiransa da tsawo, kuma ranar Lahadi ya fi ƙaranci. Saboda haka ba a jera kwanakin yawo bisa son rai. Ana jera su ne bisa ranar hutun mai mota, da ranakun da wuraren ke buɗe, a kuma haɗa wuraren da ke kusa da juna rana guda.

In kwana ɗaya tak aka ba ki, ki ce a kai ki titin Elm, tsakiyar gari, tsohon kantin Woolworth. Yanzu gidan tarihi ne na gwagwarmayar baƙar fata, an buɗe shi a 2010. Ranar 1 ga Fabrairu 1960, samari huɗu ƴan jami'ar A&T suka shiga kantin. Sunayensu Ezell Blair, Franklin McCain, Joseph McNeil da David Richmond. A lokacin baƙar fata na iya sayen sabulu da littafi a kantin, a karɓi kuɗɗinsa da hannu biyu, amma ba shi da damar zama a teburin cin abinci. Samarin suka sayi ƴan kayansu, suka riƙe takardar shaidar saye, suka je suka zauna suka nemi kofi. Aka hana su. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga hannu ba, suka ci gaba da zama har aka rufe kanti. Washegari suka dawo su fiye da ashirin. Kafin mako ya ƙare sun kai ɗaruruwa, kuma abin ya bazu zuwa wasu garuruwan kudancin ƙasar.

Hotunan da aka fi yaɗawa na samarin huɗu ne, amma ku riƙe wannan: ƴan matan kwalejin Bennett, wadda lakkwal ce ta mata baƙar fata zalla tun 1926, suna cikin masu shirya abin, suna cikin masu zaman, su ne kuma ke tsaye da alluna a bakin kanti kullum. Shugabar kwalejin a lokacin mace ce, Willa Player, kuma ta tsaya bayan ɗalibanta. Abin da ya karya kantin kuwa aljihu ne. Mutanen gari suka daina saye, hasara ta kusa dala dubu 200 ta wancan zamani. Ranar 25 ga Yuli 1960 kantin ya sauko. Waɗanda aka fara ba abinci a teburin ma'aikatan kantin ne baƙar fata, cikinsu har da wata mata mai suna Geneva Tisdale da ke aiki a madafar. Aka ce su tuɓe rigar aiki su sa kayan gida su zo su zauna. Ku lissafa, kwana tara bayan haka, ranar 3 ga Agusta, Nijar ta samu ƴancin kai. Ɗaya daga cikin samarin, Ezell Blair, daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan.

Teburin yana nan inda yake, da kujerunsa masu juyawa. Lokacin da na je wurin ƙanwata na tsaya gabansa, abin da ya zo mini a rai shi ne tabarmarmu ta ranar zubi. Ba komi ba ne teburin, na ga wanda ya fi shi kyau a gidajen abincin Yamai. Zuwan kullum ne ya yi aikin, wata kusan shida, kowa na kawo ɗan abin da yake da shi.

Wurin ana biya, kuma bayanin da Ingilishi ne, ba Faransanci ba. Ki tafi da jika ko ɗan gida mai haƙurin fassara, ba mai duba waya ba. Ki ware awa biyu zuwa uku. Akwai ɗakin da ke nuna hotunan kisan gilla da aka yi ma baƙar fata, mai raunin zuciya ta sani tun daga waje, ƙananan yara kuma a riƙe su baya. A tambaya kafin a ɗaga waya don hoto. Daga nan zuwa jami'ar A&T bai kai kilomita biyu ba, akwai mutum-mutumin samarin huɗu a tsaye, kallo kyauta, kuma kwalejin Bennett na kusa. Rana guda ta ishe su duka, amma kada a sa Lahadi.

Asabar da safe ta kasuwa ce. Akwai tsohuwar kasuwar manoma a titin Yanceyville, wadda asalinta ya koma 1874, kuma kafin azahar an watse. Mu da ke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji, nan ne lakkwal ɗinmu. Ki dubi yadda mace ke zuba zuma ko miyar kwalba, ta manna takarda mai sunanta da abin da ke ciki da farashi, ta aje ɗan ɗanɗano a gaba. Ba a tayi, abin da aka rubuta shi ne. Ni na fi son cinikinmu, don a tayi ake gaisawa a san juna, amma takardar nan ta kan kwalba abin ɗauka ce. Kayanmu ba su gaza nasu daɗi ba, suna ne ba su da shi.

Arewacin gari kuma rana guda. Akwai filin yaƙin Guilford, inda sojan Amurka suka kara da na Ingila ranar 15 ga Maris 1781. Ingila ce ta riƙe filin, amma ta yi hasarar mutane da yawa, kuma a Oktoban shekarar rundunar ta miƙa wuya. Sunan garin ma daga kwamandan Amurka na ranar aka samo shi, Nathanael Greene. Yau wurin kurmi ne mai inuwa da hanyoyin tafiya, shiga kyauta. Gefensa akwai gidan namun daji da na kifaye, wanda ake biya. In da jikoki, a shiga, za su ji daɗi. In ke kaɗai ce kuma kuɗɗi sun yi ƙasa, wadda ta taɓa ganin raƙuman dawa na Kure suna yawo a sake ba ta yi babbar hasara ba in ta wuce. Gidan tarihin gari da ke tsakiyar birni shi ma kyauta ne, sai dai ba ya buɗewa Litinin. Can za ki ji labarin masaƙun garin, don Girinsboro ta yi suna da saƙar yadin wandon jin, har babbar masaƙar ta rufe a 2017.

Abinci yana son ido. A wannan jiha in an ce gasasshen nama, abin da suke kira babakiyu, to alade ne sai in an faɗi wani abu daban. Ganye da wake ma sau da yawa da naman alade ake dafa su don ɗanɗano, ko ba ki gan shi a kwano ba. A tambaya, ko a tsaya ga kifi, ko a je shagunan halal, akwai su. Mafi sauƙi a ƙunsa dambu ko shinkafa daga gida, a ci a ƙarƙashin itace. Salla kuma, ba za ki ji kiran salla ba, sai waya ta tuna miki. Alƙibla ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa maso gabas. Juma'a ki ce a kai ki masallaci, don nan za ki gamu da mutanenmu, ki ji Hausa da Zabarmanci a bakin ƙofa, a ba ki saƙo zuwa Tasawa ko Dogonduci.

Yanzu lissafi. In an ce dala a can, ba dalarmu ta sefa biyar ba ce. Dalar Amurka guda a shekarun nan tana yawo tsakanin sefa 550 da 650, wato dala 20 ta haura jikka goma sha ɗaya. Farashin da ke rubuce a kanti ba shi ne za ki biya ba, ana ƙara haraji kusan bakwai cikin ɗari a wurin biya. Gidan abincin da ake kawo miki kwano har tebur, ana barin ma mai hidima 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma ba kyauta ce ta ganin dama ba, da shi take rayuwa. Ni shawarata ki je da kuɗɗin yawonki na kanki, ko da ɗiyanki sun ce za su ɗauki komi. Wadda ke riƙe da kuɗɗin ƙofa da na mai tana iya cewa gobe ina son zuwa wuri kaza ba tare da jin nauyi ba. Ki ƙiyasta dala 20 a kan kowane mutum a wuraren da ake biya, ki lissafa har da mai fassara. A fidda wannan daga rabon ƙarshen zagaye, a ƙulle shi daban, kada ya haɗu da kuɗɗin tsaraba, don tsaraba ba ta ƙoshi.

Ita tsarabar a bar ta sai kwanan ƙarshe, a kuma yi ta da ma'auni a hannu. Yawancin jirage kilo 23 suke yarda a kowace jaka, abin da ya haura kuma sai an biya a filin jirgi, da dalar Amurka.